Busang: Zinariyar da Aka Haƙo a Kan Takarda

A shekarar 1993 wani ƙaramin kamfani na birnin Calgary a Kanada, mai suna Bre-X, ya sayi izinin neman zinariya a Busang, cikin dajin tsibirin Borneo na Indunusiya. Shugabansa David Walsh ne, aikin haƙa kuwa yana hannun masana duwatsu biyu, John Felderhof da Michael de Guzman. Hannun jarin kamfanin a lokacin bai kai dala ɗaya ba.

Mai neman zinariya yakan huda ƙasa da na'ura, ya zaro doguwar sandar dutse, ya aika ɗakin gwaji a auna giram nawa na zinariya ke cikin kowane tan. Bisa al'ada, tsaga sandar ake yi gida biyu, a niƙa rabi, a adana rabi domin mai son sake gwaji. Bre-X kuwa kusan dukkan sandar yake niƙawa, masu zuba jari kaɗan ne suka tambayi dalili.

Kowace sanarwa ta fi ta baya daɗi. Ƙiyasi ya hau har oza miliyan 71, farashin hannun jari ya haura dalar Kanada 280 a Mayun 1996, darajar kamfanin ta wuce dala biliyan 6. Ƙananan masu jari, irin mazauna garin St. Paul na lardin Alberta, suka ɗauki hauhawar farashi a matsayin shaidar cewa zinariyar tana nan, alhali farashin da kansa a kan sanarwar kamfanin ya dogara.

Asiri ya tonu a Maris 1997, sa'ad da kamfanin Freeport-McMoRan ya haƙa nasa ramukan dab da na Bre-X bai sami abin kirki ba. A ranar 19 ga watan aka ba da labarin faɗowar de Guzman daga jirgi mai saukar ungulu. A Mayu, binciken kamfanin Strathcona ya tabbatar da cewa barbaɗa zinariya ake yi a cikin samfuran kafin su isa ɗakin gwaji. Ƙwayoyin ma mulmulallu ne irin na wankin rafi, ba irin waɗanda ke maƙale cikin dutse ba. Asarar ta haɗa har da asusun fanshon malaman makaranta na Ontario. Walsh ya rasu a 1998, kotu kuma ta wanke Felderhof a 2007.

A 2001 Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101, wadda ta wajabta cewa ƙwararren masani ya ɗauki alhakin duk bayanin ma'adinai da kamfani zai fitar. Duk da haka, nauyin tambaya yana kan mai kuɗi: wa ya ɗebi samfurin, a hannun wa ya kwana, an adana rabin sandar, kuma wani wanda ba shi da hannun jari ya sake haƙawa ya sami abin da aka faɗa?