Tarihin Koyar da Majinyata da Ma'aikatan Jinya Wankin Ƙoda

Koyar da wankin ƙoda fanni ne na aikin jinya da ya kafu a shekarun 1960, lokacin da masu mutuwar ƙoda suka fara rayuwa tsawon shekaru da taimakon na'ura. Kafin nan babu wanda za a koya wa. Na'urar da Willem Kolff ya haɗa a garin Kampen na ƙasar Holan a 1943 ta ceci mutum na farko a 1945, amma amfaninta ya tsaya kan wanda ƙodarsa ta tsaya na ɗan lokaci. Duk wanki sai an yanka jijiya, jijiyoyin kuma ƙarewa suke yi. Likitoci ne ke tsaye a kan na'urar daga farko har ƙarshe.

A watan Maris na 1960, Belding Scribner da Wayne Quinton na birnin Siyatil a Amurka suka dasa wa wani ma'aikaci, Clyde Shields, siririn bututun roba a hannu, wanda ake buɗewa a haɗa da na'ura a kuma mayar. Ya ƙara shekara 11 a duniya. Daga nan lissafi ya canza: wanki ya zama na kowane mako har iyakar rai, likitoci kuwa ba su da yawan da za su zauna a kai. Cibiyar da aka buɗe a Siyatil a 1962 da gado 3 kacal ta dogara ne da ma'aikatan jinya, waɗanda suka koyi aikin a bakin gado, don babu makarantar da ke koyar da shi. Ƙungiyarsu ta Amurka ta kafu a 1969.

Ƙarancin gadaje ne ya tura aikin hannun majinyata. A 1964 aka fara wanki a gida a Siyatil da Boston da Landan, inda Stanley Shaldon ya nace cewa majinyaci zai iya haɗa na'urarsa da kansa. Aka shiga horar da mai ciwo da matarsa, ko miji ko uwa, na tsawon makonni. Su kansu ma'aikata sun sha wuya kafin darasin tsafta ya zauna: ɓarkewar ciwon hanta a sassan wanki na Birtaniya ta kashe majinyata da ma'aikata, har rahoton Rosenheim na 1972 ya shimfiɗa dokokin gwajin jini da ware masu ɗauke da cutar.

Dabarar Cimino da Brescia ta 1966, wato haɗa jijiyoyi biyu a ƙarƙashin fatar hannu, ta zo da nata karatun, wanda har gobe shi ake maimaitawa. Kar a auna hawan jini a wannan hannun, kar a ɗebi jini, kar a kwanta a kansa. Kullum da safe majinyaci ya ɗora yatsa a wurin, ya ji yana ɗan kaɗawa zir-zir. In ya yi tsit, sai asibiti nan take. Sai batun abinci, wanda ya fi komai wuya a aikace: rage gishiri, auna ruwan sha, takatsantsan da ayaba da dabino da tumatir. Sikeli ba ya rufa asiri, da an hau shi kafin wanki nas ta san abin da aka sha.

Salon wankin ciki na yau da kullum, inda ake zuba ruwan wanki a cikin ciki a kuma fitar da shi, wanda Popovich da Moncrief suka gabatar a 1976, ya ɗora kusan komai a kan mai ciwo. Shi ke canza ruwan kamar sau 4 a rana, shi ke wanke hannu, shi ke ɗaga jaka ya duba ko ruwan ya gurɓace, alamar ƙwayar cuta ta shiga.

Daga baya hankali ya koma kan tare ciwon tun da wuri. A 2002 aka raba ciwon ƙoda mai daɗewa zuwa mataki 5, a 2006 kuma aka fara Ranar Ƙoda ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris. A Najeriya, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara wanki a 1981, tsada kan hana da yawa cika wanki 3 a mako, shi ya sa wayar da kai ya fi karkata ga gwajin hawan jini da ciwon suga, da jan kunne kan yawan shan maganin kashe zafi da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba.