Ɗigon Rigakafin Shan-inna: Yadda Aka Karya Lagon Ƙwayar Cutar

Rigakafin shan-inna da ake ɗiga wa yara a baki yana ɗauke da ƙwayar cutar mai rai, amma wadda aka raunana. Dokta Albert Sabin na Amurka ne ya samar da shi, ya kuma bazu a duniya tun farkon shekarun 1960. Ya yi ta renon ƙwayar a ɗakin gwaji, yana zaɓar wadda ba ta shanye gaɓoɓin birai.

Sai daga baya masana suka gano inda raunin yake. Bayanan gadon ƙwayar jeri ne na sinadarai kimanin 7,500, waɗanda ake kwatantawa da haruffa. Ƙwayar nau'i uku ce. Rigakafin nau'i na 1 ya bambanta da tushensa a haruffa sama da 50, na 3 kuwa a kimanin 10 kacal. A dukkansu akwai babban canji kusa da farkon jerin: harafi na 480 a nau'i na 1, na 481 a na 2, na 472 a na 3. Da wannan sashe ƙwayar ke tilasta wa jikin mutum ya sarrafa mata furotin. Canjin yana rage mata ƙarfin hayayyafa a jijiyoyin laka, amma tana hayayyafa a hanji, inda garkuwar jiki ke koyon yaƙarta.

Sai dai raunin da ya rataya a kan haruffa kaɗan yana iya warwarewa, domin ƙwayar takan yi kuskure wajen kwafar kanta. Idan ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, takan dawo da ƙarfinta. Hakan ya faru da nau'i na 2 a arewacin Najeriya daga 2005.

Saboda haka aka ƙera sabon ɗigo, nOPV2, wanda aka ɗaure wancan sashe nasa don kada canjin harafi ɗaya ya warware shi. Najeriya ce ta fara amfani da shi a Maris 2021. Duk da haka, maganin yaɗuwar shi ne rigakafi ya kai ga kowane yaro, ƙwayar ta rasa wurin fakewa.