Na'urar sanyaya ɗaki a ƙasar ƙura: abin da mai gida a Babura ya kamata ya sani game da iskar da iyalinsa ke shaƙa

Ƙaramar Hukumar Babura tana arewa maso yammacin Jihar Jigawa, kusa da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Ita da maƙwabtanta irin su Kazaure da Roni da Gwiwa suna shan gwaji biyu a kowace shekara. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, wadda kaso mai yawa nata ke fitowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da hazo ya fara yayewa sai bazara ta shigo, inda zafin rana a Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Duk wanda ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da iyakwandishan, saboda zafin ya saya, amma ƙurar ce ta fi saurin kashe masa ita.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar da ta fi yawa a gidaje a yau ita ce mai kai biyu: ɗaya a manne a bango cikin ɗaki, ɗaya a waje, bututun tagulla ya haɗa su. A cikin bututun akwai gas da kwamfireso ke zagayawa da shi. Kan ciki yana zuƙar iskar ɗakin, ya bi da ita ta kan ƙarfe mai sanyi, gas ɗin ya kwashe zafin, ya kai shi kan waje inda fanka ke watsar da shi. Ke nan aikin na'urar kwashe zafi ne daga ɗaki zuwa waje, kuma duk abin da ya tare hanyar iska a ɗayan ɓangarorin biyu ya rage mata ƙarfi.

Akwai abin da masu ita da yawa ba su lura da shi ba. Irin wannan na'ura ba ta shigo da sabuwar iska daga waje. Iskar da ke cikin ɗakin take juyawa, ta sanyaya ta, ta mayar. Idan an rufe ƙofa da taga an kunna turaren wuta ko maganin sauro, hayaƙin yana nan yana zagaye har gari ya waye, sai dai ya yi sanyi.

Ƙura da ragar da ke tare ta

Idan aka ɗaga murfin kan ciki za a ga raga biyu na roba. Su ne ke tare ƙura kafin ta kai ga ƙarfen sanyi. Kamfanonin da ke ƙera na'urar kan ba da shawarar a riƙa wanke su kusan duk mako biyu, amma a watannin hazo, a garin da tituna da yawa ba su da kwalta, mako guda ma ya isa raga ta toshe. Wankin ba ya buƙatar mai gyara. A kashe wutar na'urar, a zare ragar, a kaɗe ta a waje nesa da yara, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa har ta bushe sarai, sannan a mayar. Ragar da aka mayar da danshi ita ce matattarar fumfuna, kuma daga nan warin ruɓa da wasu na'urori ke fesowa yake farawa.

Kan waje ya fi shan wahala, kuma shi aka fi mantawa da shi. Siraran faifan ƙarfen da ke bayansa kan cika da rairayi da ganyen darbejiya da yanar gizo-gizo, a wasu gidajen har ƙadangaru da ɓeraye kan shiga akwatin wayoyinsa. Idan zafi ya kasa fita, kwamfireso yakan yi aiki cikin matsi har ya riƙa yankewa da kansa, wata rana kuma ya ƙone. Wanke shi da ruwa mai saukin ƙarfi, bayan an cire wuta, sau biyu a shekara shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata: sau ɗaya a ƙarshen hunturu kafin zafi ya kankama, sau ɗaya bayan damina. Yana son inuwa, amma ba ya son a kewaye shi da kwano ko buhu da sunan kariya, domin sararin numfashi yake nema.

Ruwan da ke ɗiga daga bututun waje danshin ɗaki ne da na'urar ta tatse. Idan ya daina fita ta can ya koma zuba a jikin bango, ƙura ce ta zama laka ta toshe hanya. A damina kuma, kada a bar shi ya taru a bokiti kwana da kwanaki, don sauro ba ya buƙatar fiye da haka.

Maganar ƙara gas

Babu jumlar da ta fi cin kuɗin masu iyakwandishan kamar a ce gas ya ƙare. Gas ɗin na'urar a rufe yake, zagaye yake yi, ba a ƙona shi kamar fetur. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututu. Mai gyaran da ya ƙara gas bai nemo ramin ya toshe ba, ya sayar da abin da zai sake tsiyayewa ne. Sau da yawa ma rashin sanyin ba daga gas yake ba: ko raga ta toshe, ko kafasita ta mutu, ko wutar ba ta kai ba. Mai gida yana da haƙƙin a auna a gabansa, a kuma nuna masa inda kumfar sabulu ta tona yoyon.

Nau'in gas ɗin yana rubuce a jikin kan waje, kuma ba a gauraya wani da wani. Tsofaffin na'urori, musamman na hannu da ake shigowa da su daga ƙetare, da yawansu R22 suke amfani da shi. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta ɗora wa ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya, wa'adin kusan daina amfani da irinsa nan da 2030, saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga kaifin hasken rana. Wanda ya sayi irin wannan na'ura a yau saboda arha zai iske gas ɗinta na ƙara wuya da tsada. Sababbin suna zuwa da R410A ko R32, kuma na biyun yana iya kama wuta a wasu yanayi, don haka ba aikin ɗan koyo ba ne.

Wutar da ba ta tsayawa

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. An ƙera na'urorin gida ne don wutar da ke wajen bolt 230, amma a ƙarshen dogon layi, ko a unguwar da taransifoma ta yi wa gidaje kaɗan, ƙarfin wuta kan faɗi ƙasa da haka sosai. Kwamfireso da ke ƙoƙarin tashi da raunanniyar wuta yana jan fiye da kima, yana yin zafi. Saboda haka sitabilaiza mai girman da ya dace da na'urar ba kayan ado ba ce. Haka nan idan an ɗauke wuta an dawo da ita, a dakata minti uku zuwa biyar kafin a sake kunnawa, har matsin gas ɗin ya daidaita.

Batun kuɗi ya fito fili tun Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin a rage shi kaɗan daga baya. Na'urar da ke jan kilowat ɗaya, in ta yi awa takwas tana aiki ba hutawa, ta ci yunit takwas. A wancan farashi naira 1,800 ke nan a dare guda, naira 54,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a Yulin 2024. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsaftace raga kaɗai kan rage cin wutar na'ura da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Saita ta a digiri 24 zuwa 26 tare da fanka yana ba kwamfireso damar hutawa. Mayar da ita 16 tun da farko ba ya sa ɗakin da ya sha rana ya yi saurin sanyi yadda ake zato, yana dai hana ta tsayawa.

Garuruwan karkara galibi ba sa cikin rukunin A, farashinsu ya fi sauƙi, amma awanninsu sun fi kaɗan. Giɓin kuwa janareta ke cike shi, da fetur ɗin da ya ninka tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. A Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa nasu tsarin samarwa da rarraba wuta, don haka tambayar awa nawa Babura ke samu a rana yanzu ta shafi Dutse kamar yadda ta shafi Abuja.

Abin da ke cikin iskar ɗaki

A nan ne maganar ta wuce ta masu hali, domin gidajen da ba su da iyakwandishan, waɗanda su ne mafi rinjaye, su ma iska suke shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, akasari saboda girki da itace da gawayi da kananzir. Mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu su ne ke kusa da murhu. Abin da ya fi illa shi ne ƙananan ɓurɓushin da ido ba ya gani, waɗanda ake kira PM2.5, masu ratsawa har can cikin huhu. Ragar roba ta iyakwandishan ba ta tare su. Ganin raga ta kama ƙura bai nuna iskar ɗakin ta tsarkaka ba.

Mafi gaggawar haɗari shi ne iskar kabon monokzayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana fita daga bututun janareta da kuma garwashin da ake shiga da shi ɗaki a kasko lokacin sanyi. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Tsoron ɓarayi kan sa a ajiye janareta a zaure ko a baranda ko a ƙarƙashin taga, a ɗakin da aka toshe kowace kafa don kada sanyi ya fita. Wurinsa fili ne a buɗe, nesa da ƙofa da taga, bututun hayaƙin yana kallon wani gefe. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a fitar da su sarari, a kashe injin, a nufi asibiti.

Fiya-fiya ma tana cikin lissafi. Sinadarin dikolobos da ke cikinta maganin ƙwarin gona ne, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Yayyafa shi a ɗakin kwana, sannan a rufe a kunna na'ura, shaƙar guba ce ta dare guda. Gidan sauro mai magani da raga a taga sun fi aminci. Turaren wuta al'ada ce da ba mai neman a bari, sai dai a turara ɗaki taga na buɗe, a bar hayaƙi ya fita, musamman inda akwai jariri ko mai ciwon asma.

Lokacin hazo da farkon zafi shi ne kuma lokacin sanƙarau. Busasshiyar iska mai ƙura tana raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa kuma yana sauƙaƙa yaɗuwar ƙwayar cutar. Jigawa ta san wannan da kyau. Daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu a Najeriya, 124 suka rasu, kuma kusan kashi 74 cikin ɗari na masu cutar a Jigawa suke. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Iyakwandishan ba ya haddasa sanƙarau, ba ya kuma hana shi, amma yana ƙara busar da iskar da tun asali ta bushe. Buɗe taga da asuba ko da dare, lokacin da ƙura ta lafa, da goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon sharar da ke tayar da ƙura, suna da amfani a kowane gida.

Gini da inuwa

Rabin wahalar na'ura daga rufin gida take. Soron ƙasa mai kaurin bango yana jinkirta shigar zafin rana, kwano marar sili kuwa yana sauke shi kai tsaye a kan mutane. Sili, da farin fenti a rufi, da labule mai kauri a tagar yamma, da bishiya a tsakar gida, kowannensu yana rage awannin da kwamfireso zai yi. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, kuma shingen bishiyoyi a gefen gari yana karya iskar da ke kwaso rairayi.

A watannin rani akwai wata hanya mai rahusa: na'urar da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, wadda ke aiki da dabarar da randa ke sanyaya ruwa da ita. Tana cin wuta kaɗan, ƙaramin tsarin sola yana iya ɗaukarta, tana kuma ƙara wa busasshiyar iska laima. Tana buƙatar taga a buɗe, da sauya ruwanta da wanke tankinta a kai a kai. Da zarar damina ta sauka iska ta cika da danshi, sanyinta yakan ragu ƙwarai.

Sauran aikin na ƙwararrun masu gyara ne, kuma yankin yana da inda zai horar da su: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana Kazaure, an kuma amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021.