Libarbar Gado: Abin da Ƙarfe Ke Faɗa Game da Yaƙin Bama

Da yake Abuja gari ne na zuwa, wanda bai zama mazaunin gwamnatin tarayya ba sai a 1991, yawancin kayan tarihin da ke gidajenta daga wasu garuruwa aka ɗauko su, kuma a cikinsu akan tarar da libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ƙwaryar harsasai da ke juyawa, wadda magada ke cewa kakansu ya dawo da ita daga Yaƙin Bama. Labarin yana da tushe, domin sojojin Najeriya sun yi yaƙi a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a Kaladan da Arakan tsakanin 1943 da 1945, bayan wasunsu sun shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, birnin da wani babban bariki a Abuja ke ɗauke da sunansa. Sai dai kurtu da kofur doguwar bindiga Lee-Enfield aka fi ba su, ita kuwa libarba makamin hafsoshi ce, alhali ɗan Najeriya bai samu muƙamin hafsa ba sai a ƙarshen shekarun 1940. Saboda haka wadda ta shigo gida ta fi kama da ganima, ko kyautar Bature ga odalinsa, ko kuma ragowar Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 da aka jingina wa tsohon yaƙi.

Binciken yakan fara ne daga jikin ƙarfen. Idan ta Ingila ce, za a ga sunan Webley, kamfanin Birmingham wanda soja suka karɓi samfurinsa na 6 a 1915, ko kuma Enfield mai lamba 2, wadda ta gaje ta a 1932 da harsashi mafi ƙanƙanta. Alama mai kama da kan kibiya tana nuna cewa kayan gwamnati ce, idan kuwa kibau biyu ne suka haɗa baki, to an sayar da ita daga rumbun soja bisa ƙa'ida, wanda ke raunana labarin cewa daga fagen daga aka ɗauko ta. Ganima ta fi sauƙin ganewa, tun da masu ƙera ta sun buga kwanan wata bisa lissafinsu. Fistol Beretta ta Italiya samfurin 1934 takan ɗauki shekarar mulkin Musolini da lambobin Rumawa, ana ƙirgawa daga 1922, yayin da fistol Nambu ta Japan ke ɗauke da shekarar sarautar Sarki Hirohito, ta yadda 18.6 ke nufin watan Yunin 1943. Gidan da ya ce kakansa Bama ya je amma aka sami Beretta, sai a duba ko fagen yaƙi da Italiya a Habasha ya fara zuwa.

Abin da ƙarfe ba ya faɗa shi ne hannun da ya riƙe shi, domin lambar bindiga ba kasafai ake samun rajistar da ta haɗa ta da sunan soja ba, lambobin yabo irin su Tauraron Bama kuma ba a rubuta musu suna ba. Nan ne takardar sallama ta fi bindigar daraja ga mai tarihi, tun da tana ɗauke da lambar soja da bataliyarsa, waɗanda za a iya bi a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna ko na Kew a Landan.

Akwai kuma batun doka, wanda magada kan manta. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, tsufan bindiga kuwa ba ya fitar da ita daga wannan hukunci, kuma lasisi ba ya shiga rabon gado. Hanyar da ta rage ita ce a ɗauki hoton kowace alama ba tare da gogewa ko gwada harbi ba, sannan a sanar da 'yan sanda ko Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a Abuja a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa.