Alfadari da Kalmomin da Ya Haifa



Ran nan ina tafe cikin kasuwar Baɗha a nan Riyad, sai na ji wani direba ya leƙo ta taga ya daka wa wani yaro tsawa, ya ce, "Ya bagal!" Ashe yaron ɗalibina ne, haifaffen nan. Da muka haɗu a makaranta na ce masa, "Kai, mene ne bagal?" Ya ce, "Malam, zagi ne." Ban ga laifinsa ba, gama bai taɓa ganin dabbar ba, sunanta kaɗai ya gada, shi ma ta bakin masu faɗa.

To, bagal shi ne alfadari, watau ɗan da goɗiya ta haifa wa jaki. Tamatarsa alfadara, jam'i alfadarai. Ba ya haihuwa sai nadiran, masana kuwa sun gano dalili: ƙwayoyin gadon halitta na doki 64 ne, na jaki 62, shi kuwa ya tashi da 63, ba su rabuwa biyu daidai. Kada "al" ɗin nan na farkon sunansa ya ruɗe ku, ku zaci ɗan'uwan alƙalami ne da alƙali da albasa, waɗanda Balarabe zai gane. In ka ce alfadari a Riyad ba wanda zai waiwayo.

Larabawa sun daɗe suna yi masa ba'a da asali. Cikin karin maganarsu, wai an tambaye shi wane ne ubansa, sai ya ce doki kawunsa ne. Amma fa ba wulakantacce ba ne. Allah ya ambace shi cikin Suratun Nahli tare da dawaki da jakuna. Muƙauƙisu, mai mulkin Masar, ya aiko wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, da alfadara mai suna Duldul. Ran yaƙin Hunainu kuma, a shekara ta 8 bayan Hijira, bisa farar alfadara ya tsaya sa'ad da mutane suka watse. Jahizu na Basra, wanda ya rasu a 255 bayan Hijira, har littafi guda ya yi a kan alfadarai.

Inda na fi so mu tsaya shi ne dirhami bagali, domin ya shafi sallarmu. Kowane almajiri da ya yi nisa a fiƙihun Malikiyya ya ji cewa jini ko mugunya da bai wuce faɗin dirhami bagali ba an yafe shi a tufa ko a jiki. To, ina alfadari ya shigo maganar kuɗi? Malamai sun kasu biyu. Masu sharhi irin su Shehu Dardiri sun ce ana nufin da'irar nan da ke cikin ƙafar gaba ta alfadari, wadda ba gashi a kanta. Waɗansu suka ce a'a, tsabar azurfa ce da aka buga bisa zubin kuɗin Farisa, mai hoton sarkinsu, aka jingina ta ga wani maƙeri da ake wa laƙabi Ra'asul Bagali, watau Kan Alfadari. Damiri, wanda ya rasu a 808, ya kawo wannan labari cikin Hayatul Hayawan.

Masu tarihin kuɗi sun ce nauyin bagali daniƙi 8 ne, na ɗabari 4. Aka haɗa su suka zama 12, aka raba biyu, dirhamin Musulunci ya tsaya a kan 6. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga kuɗin Musulunci marasa hoto wajen shekarun 77 zuwa 79 bayan Hijira, tsoffin kuɗin suka yi ta ɓacewa daga hannun mutane. Ni dai a nawa ɗan gani, tsabar ita ce asali, tun da dirhami aka ce. Da ta ɓace, malamai suka nemi ma'aunin da baƙauye zai iya zuwa ya duba da idonsa, suka same shi a ƙafar dabba. Ku lura kuma faɗi ake aunawa, ba nauyi ba. Na sha ganin mutum ya yanke sallarsa saboda ɗigon jinin haɓo da bai kai ƙwayar wake ba.

Sauran kalmomin mu bi su da sauri. A Kuwaiti da Oman akwai babban jirgin ruwa na katako da ake kira bagala, watau alfadara, wanda ya riƙa kai dabino Indiya da Zanzibar. Kalmar barid da kuke gani a gidan waya, masu lugga na da sun ce daga Farisanci take, ma'anarta mai yankakken wutsiya, domin haka ake yi wa alfadaran da ke ɗaukar wasiƙu alama. Masu bincike na baya sun fi kai ta ga wata kalmar Rumawa mai nufin dokin manzo. Mutanen Sifen kuwa daga sunan alfadari suka ciro mulato, suka laƙa wa ɗan da baƙi da fari suka haifa. Mugun suna ne, bai kamaci ɗan Adam ba.

Akwai ta ƙarshe, wadda samari ya kamata su buɗe kunne. A bakin Turawan Ingila da Amurka, wanda aka ɗora wa miyagun ƙwayoyi ya ƙetara iyaka da su alfadari ake ce masa, domin yana ɗauke da kayan wani, wani lokaci bai ma san abin da ke ciki ba. Tun 1987 hukuncin mai shigo da irin wannan kaya Saudiyya kisa ne. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba da ta zo Umra daga Kano, saboda jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta tun a gida ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare, aka kama masu laifin, sa'an nan aka sake ta a ƙarshen Afrilu na 2019. A zangonmu kuwa har gobe mai dawowa daga gida ba ya rasa ƙunshin saƙo biyar ko shida da bai kwance ya duba ba, wai don kunyar dattijon da ya ba shi.