Daga Allon Silima Zuwa Falon Gida: Tarihin Kallon Fim a Zangunan Ikko

Har gobe kwandastocin motocin haya a Ikko suna kiran sunan Pen Cinema idan za su Agege, alhali kuwa an daɗe da daina nuna fim a wurin. Abin da baƙo zai tarar a yau shi ne doguwar gadar sama da gwamnatin Jihar Legas ta buɗe a shekarar 1921 da ɗari, wato 2021, ta kuma gaji sunan. Mu da muka tashi a unguwannin Hausawa na Agege da Ketu da Mil 12 mun san lokacin da wannan suna yake nufin wani abu daban. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda kallon fim ya shigo rayuwar 'ya'yan Hausawa mazauna Ikko, da yadda abin da suke so su kalla ya yi ta sauyawa.

Ikko ce ƙofar da fim ya biyo ya shigo Nijeriya. A watan Agusta na 1903 aka fara nuna shi a zauren Glover, bisa gayyatar da Herbert Macaulay ya yi wa wani kamfanin Sifen. A can Arewa kuwa, iyayenmu da majigi suka fara sanin hoto mai motsi, wato wanda motar gwamnati kan kawo ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle, a nuna tsafta da noman zamani, wani mai lasifika yana fassarawa. Majigi kyauta ne, kuma da yardar sarki ake yin sa, saboda haka babu mai jin kunyar zuwa. Silima ta kuɗi ita ce ta zo da rigima. An buɗe Rex a Kano a 1937, malamai suka ƙyamace ta, sannan da gobara ta tashi a silimar El-Duniya a 1951 ta ci mutum fiye da 300, jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da wannan ƙyama iyayenmu suka sauko Kurmi.

Zaman Hausawa a Agege kuwa goro da jirgin ƙasa ne suka ƙarfafa shi, musamman bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911. Ketu ƙanwa ce a wannan fage, domin kasuwar Mil 12 ce ta tara mutanenta, inda manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa. Yaron da aka haifa a irin waɗannan unguwanni yakan tashi da Hausa a cikin gida, Yarabanci a bakin titi, buroka a tasha. A gida ana gaya masa silima matattarar 'yan iska ce, a waje kuwa abokan wasansa ba su da hirar da ta wuce fim ɗin da aka nuna jiya. Ko shakka babu waje ne ya fi yin nasara. 'Yan Agege suna da Pen da Danjuma a kusa da su, mu na Ketu sai mun tara kuɗin bolekaja ko molue mun bi titin Ikorodu zuwa Metro da ke Onipanu, masu ƙarfin hali su zarce har Casino a Yaba.

Kaboyi muka fara so, saboda doki da bindiga ba sa bukatar tafinta. Daga baya 'yan Canis suka kore shi, musamman bayan fitowar Enter the Dragon a 1973, shekarar da Bruce Lee ya rasu. A wancan zamani duk wani fim mutum biyu ne a wurinmu, akta da bos, kuma mun yi ittifaƙi cewa akta ba ya mutuwa. Yara da dama sun sha ɗori a hannun masu gyaran targaɗe saboda kwaikwayon tsallen da suka gani.

Amma fim ɗin Indiya shi ne ya zauna daram. 'Yan kasuwar Labanan ne suka fara shigo da shi tun wajen shekarun 1950, domin ya fi na Amurka araha, sai ga shi ya fi shi kasuwa. Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba, haka Sholay na 1975 da Disco Dancer na 1982. Ba ma jin yaren, amma muna jin labarin sarai. Ga uba ya ce sai wadda ya zaɓa za a aura, ga mace da mayafi tana sunkuyar da kai gaban surukai, ga talaka yana fama da azzalumin mai kuɗi, ga rawani da doguwar riga. Duk wannan mun san shi a gida. Har laƙabi Hausawa suka raɗa wa 'yan wasan, suka kira Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Abin lura a nan shi ne, Bayaraben da ke zaune kusa da mu shi ma abin da yake gani ke nan, yana ganin gidansu. Tare muke ihu idan Amita ya shigo, tare muke rera waƙar da babu wanda ya san ma'anarta a cikinmu. A ganinmu, babu wani wuri a Ikkon wancan lokaci, in ban da filin ƙwallo, da ya haɗa ɗan zango da ɗan gari a kan benci guda kamar silima. Da aka fara yin finafinan Yarabanci na silima, irin su Ajani Ogun na Ola Balogun a 1976 da Aiye na Hubert Ogunde a 1979, mu ma mun shiga layin tikiti, tunda muna jin harshen.

Hausa kuwa da wuya mu ji ta daga allo. Akwai Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma bai zama abin da ake nunawa kullum ba, har ya ɓace daga idon jama'a, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin da ya ɗan share mana hawaye shi ne Samanja na Usman Baba Pategi a talbijin. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: wannan "mu" da muke ta ambata, maza ne. 'Yan'uwanmu mata ba sa zuwa silima, wadda ta je kuwa ta ɓata sunanta. Labarin fim a bakinmu suke ji, mu kuma mu ƙara gishiri yadda muka ga dama.

Dalilai da yawa ne suka taru suka kashe silima. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta karɓe gidajen daga baƙi, amma hanyar samo finafinai ta ci gaba da dogara ga ƙetare. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, shigo da fim ya gagari masu gidajen. Fitar dare ta zama abin tsoro saboda 'yan fashi, ga kuma akwatin bidiyo ya fara shiga gidaje. Ɗaya bayan ɗaya gidajen silima suka koma coci-coci da ɗakunan ajiye kaya.

Masu tarihin fim a Kudu sukan fara lissafin zamanin bidiyo daga Living in Bondage na 1992, amma tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. Kafin a ce kwabo kaset ya biyo hanyar da albasa ke bi, daga Ƙofar Wambai har rumfunan Mil 12 da Agege. Nan fa kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. A karo na farko fim ya shigo har tsakar gida, kuma matan da aka hana zuwa silima su ne suka zama manyan masu kallo, su ne masu aiken yara haya, su ne masu yanke hukuncin wane fim ya yi kyau. Sangaya na 1999 da Wasila na 2000 sun zaga gidajen zango kamar yadda suka zaga Fagge. Masu suka sun ce ai Indiya ce aka sa wa hula, kuma suna da hujja, ganin rawa da waƙar da aka cika finafinan da su. Sai dai mai suka da ke zaune a Kano bai san abin da kaset ɗin ya yi wa yaron Ketu ba. Yaro ne da bai taɓa ganin ganuwa ba, Hausarsa ta cakuɗe da Yarabanci, sai ga shi yana jin yadda ake gaida suruki, yana ganin kamu da lefe da hawan angwanci. Iyaye mata da yawa da fim suka gyara wa 'ya'yansu harshe ba tare da sun sani ba. Riba ce babba, amma ta zo da asararta, domin tun daga lokacin kowa ya koma falonsa: Bahaushe da nasa kaset, Bayarabe da nasa, Ibo da nasa.

Silima ta dawo Ikko a 2004 da buɗe Silverbird, amma a cikin manyan kantuna ta dawo, kuma kuɗin tikitinta ba na ɗan dako ba ne. Abin da ya iso zango shi ne fassarar Indiya-Hausa ta su Algaita, wadda ta sa jikokin masu kallon Sholay suka ji Ba'indiye yana zuba karin magana, sai tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 da shirinta Daɗin Kowa, sai kuma finafinai masu dogon zango irin su Izzar So a YouTube. A yau idan dare ya yi a Mil 12, za ka ga yaran mota sun kishingiɗa a kan buhunan albasa suna jiran a sauke kaya, kowanne da wayarsa, ya toshe kunnuwa, wani na kallon Labarina, na kusa da shi na kallon 'yan Koriya.