Masana'antar Wiski ta Laphroaig

Laphroaig masana'antar wiski ce da ke bakin teku a kudancin tsibirin Islay, yammacin Sikotilan. 'Yan'uwa biyu manoma, Donald da Alexander Johnston, su suka kafa ta a 1815. Wiskinta na jinsin da ake yi da tsiron sha'ir zalla ne, a masana'anta ɗaya, ba a gauraya shi da na wani wuri ba. Dokar ƙasar ta wajabta a ajiye irin wannan giya aƙalla shekara 3 cikin gangar katako kafin a sayar.

Abin da ya bambanta ta shi ne hayaƙi. Ana jiƙa sha'ir, a baza shi a ƙasa har ya tsira, sannan a turara shi da wata baƙar ƙasar fadama mai cin wuta, wadda ruɓaɓɓun tsirrai suka samar. Daga nan wiskin ke ɗaukar ƙauri da wari irin na magani. Masu sonsa suna sonsa ƙwarai, waɗanda ba sa so kuwa ko kusa ba sa zuwa.

Donald ya mutu a 1847 bayan ya faɗa cikin wata tukunyar masana'antar, amma danginsa suka ci gaba da riƙe wurin. A 1907 rigima ta ɓarke da maƙwabciyarta Lagavulin, wadda mai ita, Peter Mackie, ya tare ruwan da Laphroaig ke amfani da shi, sai da kotu ta sa ya buɗe. Shekara guda bayan haka ya gina wata ƙaramar masana'anta don ya kwaikwayi ɗanɗanon, bai dace ba.

Ian Hunter, na ƙarshe a dangin Johnston da ya riƙe Laphroaig, ya faɗaɗa aikin kuma ya kai hajar Amurka. Da ya mutu a 1954 ba shi da magaji, sai ya bar masana'antar ga Bessie Williamson, wadda ta zo aikin sakatariya na ɗan lokaci a 1934. Mace a kan irin wannan kujera baƙon abu ne a zamanin. Ta sayar da hannun jarinta a shekarun 1960, ta yi ritaya a 1972.

A 1994 Yarima Charles ya ba masana'antar hatimin amincewar gidan sarauta. Tun 2014 tana hannun kamfanin Suntory na Japan.